First Bank: kuɗin jama'a, rancen su wa?

A Kano har yanzu ana ba da labarin ranar da Alhaji Alhassan Dantata ya kai ajiya banki. An ce a 1929 ne attajirin ya sa aka ɗora wa raƙuma 20 kuɗin azurfa, aka nufi reshen Bank of British West Africa da su. An ce kuma bai yarda an ɗora masa ko anini na kuɗin ruwa a kai ba, saboda addini. Duk wanda ya ji labarin, raƙuman ne ke tsaya masa a rai: yadda za a durƙusar da su a bakin ƙofa, a sauke kaya, akawu su wuni suna ƙirga sulalla har yatsunsu su yi baƙi. Ni kuwa washegarin ranar ce ke tsaya mini a rai. Da aka gama ƙirga aka rubuta a littafi, ina kuɗin suka nufa? Wa aka ba rancensu? Wa kuma ya zauna ya yanke cewa wane za a ba, wane a hana shi?

Bankin nan shi ne yau ake kira First Bank, mai tambarin giwa, wanda hedikwatarsa ke unguwar Marina a Legas. Ya haura shekara 130 a duniya, babu bankin da ya kai shi daɗewa a Najeriya. Ya canza suna sau da yawa, ya canza iyayen gida, ya ga fam da sule sun tafi naira da kwabo sun zo. Amma tambayoyin nan uku ba su taɓa canzawa ba, kuma duk wanda ya riƙe su zai bi tarihin bankin da rigingimunsa ba tare da ya ɓata ba.

Asalinsa harkar jiragen ruwa ce. Sir Alfred Jones, attajirin birnin Liverpool da ke riƙe da kamfanin jiragen Elder Dempster, shi ne ya kafa shi a 1894, bayan wani banki mai suna African Banking Corporation ya gwada Legas na ɗan lokaci ya janye. Jones ya san inda mai yake. Jiragensa ne ke kwasar manja da kwakwar manja zuwa Ingila, su dawo da atamfa da gishiri da ƙarafa, kuma kowane ciniki yana buƙatar tsabar kuɗi. Bankin ya samu abu biyu da suka ɗaga shi tun yana jariri: shi ke riƙe wa gwamnatin mulkin mallaka kuɗinta, kuma shi kaɗai ke da izinin shigo da sababbin kuɗin azurfa daga Ingila. Wanda duk yake son sule sabo fil, ko ɗan kasuwa ne ko gwamnati, sai ya bi ta ƙofarsa ya biya lada. Daga Legas ya miƙa Accra a 1896, ya shiga Freetown a 1898. A 1912 ya haɗiye abokin gasarsa Bank of Nigeria, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma, bankin ya zama wakilinta. Kusan za a ce shi ya riƙa yin aikin babban banki har zuwa 1959, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki.

Zuwansa Arewa ya biyo bayan layin dogo ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin shekara ɗaya ko biyu gyaɗa ta zama zinariya. Bature ya ce haraji da kuɗinsa za a biya, wuri ya fara mutuwa a kasuwa, manomi ya shuka gyaɗa don ya samu sulen da zai kai wa mai unguwa. Kowace kaka sai an kawo akwatunan tsabar kuɗi daga Legas don sayen amfanin gona, kuma banki ne ke kawo su. Dantata, wanda ya fara da fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja kafin ya zama babban dillalin gyaɗa, yana cikin waɗanda suka fi kowa fahimtar sabon zamanin.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Bankin yana karɓar ajiyar kowa, baƙi da fari, amma in aka zo rance ƙofar ta fi buɗuwa ga manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, sai kuma 'yan kasuwar Labanan da muke kira Kwara. Ɗan ƙasa in ya nemi jari sai a ce ba shi da jingina, ba ya rubuta lissafi, ba a san gidansa ba. Yawancin dillalan gyaɗa daga hannun kamfanonin suke karɓar kuɗin saye, wato kuɗin banki sai sun bi ta hannun Bature kafin su iso gare su, da sharuɗɗan Baturen. Wannan ƙorafi ne ya sa 'yan ƙasa suka tashi kafa nasu bankunan: National Bank of Nigeria a 1933, Agbonmagbe a 1945 wanda ya zama Wema, da African Continental Bank na Nnamdi Azikiwe. Da yawa daga ƙananan da suka biyo baya sun rushe da kuɗin mutane, abin da ya jawo dokar banki ta farko a 1952. Arewa ma ta yi nata, Bank of the North mai hedikwata a Kano, wanda daga baya ya narke cikin Unity Bank a 2006.

Canje-canjen suna ba sa buƙatar dogon bayani. A 1957 aka cire kalmar da ke nuna Birtaniya ya koma Bank of West Africa. A tsakiyar shekarun 1960 Standard Bank ya saye shi, a 1969 aka yi wa sashen Najeriya rajista da sunan Standard Bank of Nigeria, a 1971 hannun jarinsa ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na shekarun 1970 sun rage wa Turawa kaso, Samuel Asabia ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabance shi, kuma sunansa ginin hedikwatar yake ɗauke da shi. A 1979 aka raɗa masa First Bank of Nigeria. Da gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce a 2004 kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, First Bank na cikin waɗanda suka tsallake da ƙafarsu, har ya haɗiye MBC International Bank. Daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka, har da wuraren da ya taɓa zama zamanin Turawa: ya sayi banki a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2011, ya sayi rassan bankin International Commercial Bank (ICB) a Ghana da Gambiya da Saliyo da Gini a 2013, sannan Senegal. Yana da banki a Landan. A Kaduna kuwa masu sha'awar dawaki sun san shi da ɗaukar nauyin kofin Georgian na wasan folo, wanda ake bugawa tun 1919.

Kafin a shiga maganar shugabanci, sai an fahimci da me banki yake cin abinci, don mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar rumbu, inda ka zuba damin gero nan za ka dawo ka tarar da shi. Ba haka abin yake ba. In ka kai naira dubu ɗari asusunka, daga wannan lokacin kai ne ka ba banki bashi. Wani kaso dole ya ajiye shi a Babban Banki, kuma kason ya kai rabi cur a ƙarshen 2024. Sauran sai ya juya shi: ya ba kamfanin siminti ko na mai ko na sadarwa rance, ya sayi takardun bashin gwamnati, ya buɗe wa mai shigo da kaya takardar lamuni don abokin cinikinsa na Sin ko Indiya ya yarda ya loda kaya kafin ya ga kuɗi. Mai asusun ajiya ana ba shi ɗan ruwa kaɗan, mai asusun kasuwanci galibi ba a ba shi komai, mai karɓar rance kuwa a shekarun nan yakan biya abin da ya kusa kashi 30 cikin ɗari a shekara. Tazarar da ke tsakani ita ce babbar ribar banki. Shi ya sa bankin da ke da miliyoyin ƙananan masu ajiya, ma'aikata da 'yan fansho da masu shaguna, yake da arzikin da sabon banki ba shi da shi: kuɗi masu arha waɗanda ba sa gudu. Wannan shi ne ainihin ƙarfin First Bank, ya fi gine-ginensa da tarihinsa daraja. Ajiyar Dantata da ba ruwa a kanta ita ce irin ajiyar da kowane manajan banki ke mafarki.

Sauran hanyar samun kuɗi ita ce 'yan cire-ciren da kowa ke gani a wayarsa: kuɗin tura kuɗi, kuɗin kula da kati, kuɗin saƙon alat, kuɗin kula da asusu. Ɗaya-ɗaya ba su taka kara sun karya ba, amma in aka tara na mutum miliyoyi sai su zama tudu. Ya kamata dai a san cewa ba duka ne ke shiga aljihun banki ba. Naira 50 da ake cirewa a kan turin naira 10,000 zuwa sama harajin gwamnati ne, banki karɓa kawai yake ya miƙa.

Na tashi na ga littafin ajiyar mahaifina, ɗan ƙarami mai bango mai kauri, yana naɗe cikin leda a ƙasan akwati tare da takardar gida. Ranar da zai je banki sai ya sa babbar riga. Akawu ya karɓi littafin ta taga, ya rubuta da biro, ya buga hatimi, ya sa hannu, mahaifina ya tsaya a gefe ya karanta lambobin sau biyu kafin ya mayar aljihu. Yau jikokinsa ba su taɓa ganin irin littafin ba. Bankinsu yana bakin layi ƙarƙashin lema: yaro ne da tebur da na'urar POS da jakar kuɗi a ƙugu, da ƙaramin littafi da yake rubuta sunan wanda ya tura da lambar wayarsa saboda gudun rigima. Dattijuwa ta zo da kati a ƙulle a bakin zane, ta miƙa masa, ta kare na'urar da tafin hannu tana danna lambobinta huɗu, ya ƙirgo mata dubu biyar ya cire ladansa. First Bank ya shiga wannan harka da ƙarfi da wakilansa na Firstmonie, ga lambar *894# da ke aiki a kan ƙaramar waya ba tare da intanet ba, ga manhajar FirstMobile ga masu babbar waya. A ƙauyen da reshe mafi kusa yake da nisan tafiyar awa biyu, wakilin nan shi ne banki gaba ɗaya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya ga haka da idonsa. Kuma a wannan fagen ne sababbin kamfanoni irin su Moniepoint da OPay suka zo suka tsaya wa tsofaffin bankuna a wuya, saboda saurin turinsu.

Abin da ke damuna shi ne, duk wannan ci gaban a ɓangaren karɓar kuɗi aka yi shi. Ɓangaren bayarwa bai yi nisa da inda Turawa suka bar shi ba, kuma wannan ya shafi manyan bankunan ƙasar baki ɗaya. Kaso mafi tsoka na rancen bankunan Najeriya a Legas yake sauka, hannun kamfanoni ƙalilan. Ɗan kasuwar Dawanau da ke loda tirelolin riɗi da zoɓo, kuɗin da ke ratsa asusunsa a kaka ɗaya sun isa su gina makaranta, amma in ya nemi jari sai a tambaye shi takardar mallakar fili mai sa hannun gwamna da lissafin shekara uku da akanta ya tantance. Laifin ba na banki kaɗai ba ne. Da yawa cikinmu ba ma rubuta ciniki, ba ma raba kuɗin shago da na cefane, kuma mutane masu yawa ba za su taɓa rance mai ruwa ba ko da an kawo musu har gida, saboda riba haramun ce. Wannan giɓin ne Jaiz ya zo cikewa a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019. Amma sakamakon dai ɗaya ne: ana tara kuɗi daga kasuwanninmu, a juya su a wani wuri.

To, wa ke yanke hukunci? A kan takarda tsarin a bayyane yake. Masu hannun jari su ne masu banki, suna taruwa sau ɗaya a shekara su zaɓi hukumar daraktoci. Hukumar ce ke naɗa manajan darakta, wanda shi da mataimakansa ke tafiyar da aikin yau da kullum. A cikin hukumar akwai daraktocin da ba ma'aikatan banki ba ne, akwai kuma waɗanda ake kira masu zaman kansu, da aka ɗauko don ba su da wata igiya da ta ɗaure su da manyan masu jari. Hukumar tana da kwamitoci, mafi nauyinsu shi ne na rance, inda duk wani babban bashi sai ya bi. Shugaban hukuma daban, manajan darakta daban, doka ba ta yarda mutum ɗaya ya haɗa kujerun biyu ba. A sama da su duka akwai Babban Banki, wanda sai da yardarsa ake naɗa darakta, sai da yardarsa mutum zai mallaki kashi 5 cikin ɗari na hannun jari ko fiye, kuma doka ta ba shi ikon tsige hukuma in ya ga kuɗin jama'a na cikin haɗari. Tun 2012 aka ƙara wani hawa: bayan Babban Banki ya hana bankuna haɗa kowace irin harka a ƙarƙashin lasisi ɗaya, sai aka kafa uwar kamfani, FBN Holdings, wadda ta mallaki bankin da sauran 'yan uwansa. Ita ce ake sayar da hannun jarinta a kasuwa, kuma a 2025 ta koma First HoldCo. Saboda haka wanda ya riƙe uwar, ya riƙe bankin.

Me ya sa gwamnati ke tsoma baki haka a kamfanin da ba nata ba? Lissafi ɗaya ya isa amsa. A Afrilun 2021 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ce First Bank na da abokan hulɗa fiye da miliyan 31, ajiyarsu ta kai naira tiriliyan 4.2, kuɗin masu hannun jari kuwa naira biliyan 618. Wato a duk naira ɗaya ta masu banki, akwai kusan naira bakwai ta masu ajiya. Amma masu naira bakwai ɗin ba su da kujera ko ɗaya a hukumar daraktoci, ba sa zaɓe, ba a gayyatarsu taro. Mai naira ɗaya ne ke yanke yadda za a yi da takwas ɗin duka. In rance ya yi kyau riba tasa ce, in ya lalace sosai asarar ta wuce abin da ya zuba. Duk dokokin shugabancin banki an gina su ne a kan wannan rashin daidaito.

Sau uku a cikin shekara 20 bankin ya nuna yadda abin ke kasancewa a aikace. Na farko shi ne cinikin NITEL. A 2001 wani kamfani mai suna Investors International London Limited ya ci tayin sayen kashi 51 na kamfanin wayar gwamnati a kan dala biliyan 1.317, ya ajiye kashi 10 cikin ɗari, dala miliyan 131.7, kuma First Bank ne ya tsaya masa wajen samar da mafi yawan kuɗin. Cikon ya gagara, gwamnati ta riƙe kafin alƙalamin. A 2002 hukumar daraktoci ta sallami manajan darakta Bernard Longe. Shi kuma ya tafi kotu, ya yi shekara takwas yana shari'a, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2010 cewa sallamar ba ta halatta ba, saboda ba a aika masa takardar gayyata zuwa zaman da aka tsige shi ba. Lauyoyin kamfanoni har yau suna kafa hujja da wannan hukunci. Kuɗi masu yawa sun tafi a rance ɗaya, kuma hukumar da ta tashi gyara ita ma ta taka doka.

A tsakani an samu shekarun da sunan bankin ya yi haske. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya riƙe sashen kula da haɗarin rance, ya zama manajan darakta a Janairun 2009, ɗan Arewa na farko a kujerar. Bai cika wata shida ba Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauke shi zuwa Babban Banki, kamar yadda aka ɗauki Joseph Sanusi, wani tsohon shugaban bankin, a 1999. A watan Agustan 2009 ya tsige shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya saboda rancen da ya ruɓe, First Bank ba ya cikinsu.

Na biyu ya zo da faɗuwar farashin mai daga 2014. Bankin ya zuba kuɗi masu yawa a kamfanonin mai na 'yan ƙasa lokacin da ganga ke sama da dala 100. Da farashi ya karye, naira ta faɗi, sai bashin ya tsaya cak. A 2016 rancen da ba a biya yadda ya kamata ya haura kashi 20 cikin ɗari na duk abin da bankin ya bayar, alhali ma'aunin Babban Banki kashi 5 ne. Adesola Adeduntan ya karɓi ragama a farkon shekarar, kuma mafi yawan aikinsa na shekarun farko shi ne sharar gida: bin bashi, sake tsara wanda zai biyu, da shafe wanda ya mutu daga littafi, wanda ke nufin a cinye shi daga riba. Babban Banki ya ɗaga wa bankin ƙafa a kan wasu ƙa'idoji don ya samu ya farfaɗo.

Na uku shi ne wanda ya fito fili kowa ya gani. Ranar 28 ga Afrilun 2021 hukumar bankin, ƙarƙashin Ibukun Awosika, mace ta farko da ta riƙe kujerar, ta sanar da cewa Adeduntan ya sauka, Gbenga Shobo ya gaje shi, alhali saura wata takwas wa'adinsa ya cika. Washegari, 29 ga wata, Emefiele ya fito gaban 'yan jarida ya rushe hukumar bankin da ta uwar kamfanin gaba ɗaya, ya mayar da Adeduntan kujerarsa, ya naɗa sababbin daraktoci. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Oba Otudeko, shugaban uwar kamfanin, wanda ya daɗe yana cikin masu faɗa a ji a bankin. Hujjar Babban Banki ita ce ba a nemi yardarsa ba, sannan akwai rancen 'yan gida, wato bashin da aka ba kamfanonin da ke da alaƙa da daraktoci ko manyan masu jari, wanda ya ce ba a cika sharuɗɗan jinginarsa ba duk da tunatarwa. An ambaci kamfanin fulawa na Honeywell, mai alaƙa da Otudeko, shi kuma kamfanin ya fito ya ce yana biyan bashinsa kamar yadda aka yi yarjejeniya.

Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, rancen 'yan gida shi ne ciwon da ya fi kashe bankuna a ƙasar nan, tun rushewar shekarun 1990. Dalilin ba boyayye ba ne. Ma'aikacin da zai duba takardun rancen, ya ce jinginar ba ta isa ba, ya san cewa mai neman rancen yana zaune a hukumar da ke iya korar maigidansa. In lokacin biya ya yi, wa zai aika wa shugaban hukuma takardar gargaɗi? Hausawa sun daɗe da cewa ba a ba kura ajiyar nama, kuma ko mutumin kirki ne, bai kamata a sa shi a matsayin mai ba da bashi da mai karɓa a lokaci ɗaya ba. Doka ba ta haramta irin wannan rance ɗungurungum ba. Ta sa masa iyaka, ta ce a bayyana shi, ta ce wanda abin ya shafa ya fita daga ɗakin in ana tattauna shi. A ganina matakin da Babban Banki ya ɗauka a 2021 ya dace, amma ya zo a makare, don shi da bakinsa ya ce tun 2016 yake sane da halin da ake ciki. Kuma ikon rushe hukuma cikin awa 24 wuƙa ce mai kaifi biyu, sai an tabbatar hannun da ke riƙe da ita ba shi da nasa son rai.

Bayan haka sai kokawa ta koma kasuwar hannun jari. First Bank ya bambanta da irin su Zenith da Access, waɗanda aka san mutanen da suka gina su. Shi a lokacin hannun jarinsa a warwatse yake a hannun mutane masu ɗimbin yawa, wasu gadon iyaye ne tun 1971, don haka wanda ya tara kashi kaɗan sai muryarsa ta fi ta kowa. A Oktoban 2021 aka sanar cewa attajiri Femi Otedola ya mallaki sama da kashi 5 cikin ɗari, aka shiga ja-in-ja kan wa ya fi yawa tsakaninsa da Tunde Hassan-Odukale, shugaban hukumar bankin na lokacin. A 2023 wani kamfani mai alaƙa da Honeywell ya bayyana cewa ya sayi sama da kashi 13. A Janairun 2024 Otedola ya zama shugaban uwar kamfanin, a Afrilu Adeduntan ya ajiye aiki, Olusegun Alebiosu ya gaje shi.

Sauye-sauyen 2024 ɗin nan sun faru ne daidai lokacin da Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya sake ɗaga ma'auni. A Maris 2024 ya ce bankin da ke da lasisin yin aiki har ƙasashen waje sai ya tara jarin naira biliyan 500, ya ba da wa'adin shekara biyu. Ƙarin jari alheri ne ga mai ajiya, don yana ƙara kaurin katangar da asara za ta fara ci kafin ta iso kuɗinsa. Amma sabon jari yana zuwa da sababbin masu murya, kuma mai iya zuba biliyoyi a banki galibi yana da wasu kamfanonin da su ma ke buƙatar rance. A ɗaya gefen, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2024, kuma da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin shekarar an ga amfaninsa: ƙananan masu ajiya sun samu kuɗinsu, waɗanda suka haura miliyan 5 kuwa sai jiran a sayar da kadarori. Ga malamin makaranta wannan lamuni ya wadatar. Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke kwana da miliyan 80 a asusu, bai kai ko'ina ba, shi kam dole ya damu da su wa ke zaune a hukumar bankinsa.

Kowace shekara bankin, kamar sauran, yana fitar da rahoto mai ɗaruruwan shafuka, kuma kowa na iya sauke shi daga intanet kyauta. Shafukan farko hotunan daraktoci ne da jawabin shugaba da lambobin yabo. Can wajen ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, akwai jadawalin rancen da aka ba daraktoci da kamfanonin da ke da alaƙa da su: sunan kamfani, sunan daraktan, nawa aka ba shi, me ya jinginar, kuma yana biya ko ba ya biya. Ni daga nan nake fara karantawa.